Mastan Birkin Baba Hussaini

Mutum da aikinsa a sakatariya, da motarsa mai sanyi, amma ya ɗora wa kansa tayar da mushen mota! Haka Uwaisu ya yi. Tun da mahaifinsa Alhaji Nata'ala ya rasu, tsohuwar a-kori-kurarsa, Fijo 404, take jibge a bayan gidansu a Dutse, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji na saka ƙwai a kujerar direba. Kwatsam wata rana ya sa aka ja ta zuwa garejin Musaddiq, ya ce so yake ta koma yadda take ranar da aka sayo ta, kada a ɗaura mata ko noti ɗaya wanda ba irin nata ba.

Inji bai ba su wuya sosai ba. Fistin da ringi an samo su a Kano, kafireto kuwa wanki kawai yake so. Birki ne ya tsaya musu. Mastan birki, wato ƙarfen nan da ke tura mai zuwa tayoyi idan an taka, tsatsa ta cinye nata ƙurmus. Uwaisu ya koma Kano ya dawo da sabo fil a kwali, sai ƙyalli yake. Musaddiq ya juya shi, ya danna robar ciki da farce, ya taɓe baki.

"Yallaɓai, wannan kama ce kawai. Robar ba ta jure zafi. In yawon kwalliya za ka yi, daga gida zuwa ɗaurin aure, zai kai ka. Amma a lafta wa mota buhuna da mutane, wata rana ƙafa za ta tafi har ƙasa."

"Ni na asali nake so," in ji Uwaisu.

"To sai dai a cire a jikin 'yar'uwarta. Ka kuwa san inda take."

Ya sani mana. Baba Hussaini, wanda ya yi wa Alhaji yaron mota tun yana saurayi, yana da irinta a ƙauyensu gaba da Kiyawa. Har yanzu da ita yake kwasar mutane da awaki da buhunan gero zuwa kasuwar Shuwarin. Kuma Uwaisu ya san wani abu: tsohon nan ko idonsa ɗan maigidansa ya roƙa, ba zai iya buɗe baki ya ce a'a ba.

Ya je da goro da kwalin sabon mastan a hammata. Bayan doguwar gaisuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, na ga birkinka ya sha jiki, ga sabo na kawo maka. Tsohon sai in tafi da shi in sa wa motar Alhaji."

Baba Hussaini ya karɓa da hannu biyu. Ya ƙwala wa matarsa Iyatu kira ta zo ta gani, ya ɗaga kwalin sama yadda ake ɗaga jariri ranar suna. "Sabo dal! Rabon da motar nan ta ga abu a kwali tun Alhaji na raye. Allah ya yi maka albarka, ɗan maigida." Nan take aka kira bakaniken ƙauyen ya sauya. Iyatu ta cika wa Uwaisu kwano da ƙwan zabi.

A hanyar dawowa ya yi ta ba kansa haƙuri. Ai Baba ba ya gudu. Ai hanyar shimfiɗaɗɗiya ce. Ai da zarar an samu wani na kirki zan mayar masa.

Mota ta tashi, ta yi kyau kamar ka lashe. Matasa na tsayar da shi a shataletale su ɗauki hoto, tsofaffi na shafa bodin suna cewa Allah ya jiƙan Nata'ala. Amma wallahi Uwaisu bai ji daɗinta ba ko na rana ɗaya. Duk sanda ya taka birki ya ji ya kama caf, sai gabansa ya faɗi, don ya san wace ƙafa ya raba da wannan kamun. Ranar kasuwar Shuwarin kuwa ba ya iya aikin komai a ofis, wayarsa na ƙara sai ya zaci mugun labari ne. Kunya ta ishe shi, ya je ya ce wa Musaddiq ya cire mastan Baba. Aka naɗe masa a leda, ya jefa a but ɗin motarsa ta zuwa aiki. Daga nan kuma sai gobe, sai jibi, sai in an gama taron kaza. Gaskiyar magana, bai san da wane baki zai yi wa tsohon bayani ba.

Ranar da ya daure ya je, tun daga nesa ya hango a-kori-kurar a gindin darbejiyar ƙofar gida, goshinta a lotse, fitila ɗaya a fashe. Iyatu ce ta tare shi a zaure. Ta ce a bakin kasuwa mai adaidaita ya faɗo musu, Malam ya taka, mota ta ƙi tsayawa, sai ya karkatar da ita ta daki kwalbati. Ba a rasa rai ba, amma wata fasinja, Safara'u mai ƙosai, ta karye a hannu. Babban ɗansu Abdurrahman ya karɓe makulli, Malam kuma ya bar masa.

Baba Hussaini na zaune a tabarma, ƙafar dama a miƙe, an shafe ta da man zafi. Ya rame, ya koma tsoho sosai.

"Ka ji abin kunyar da na yi ko?" ya ce. "Ƙafar nan ta mutu ban sani ba. Ni a raina na taka, ashe ba abin da na taka. Tun ina yaro nake kan titi ban taɓa zubar da jinin kowa ba, sai yanzu da aka sa min sabon birki."

Uwaisu ya durƙusa, ya kwance ledar, ya ajiye tsohon mastan a kan tabarma. Ya faɗi komai, har maganar da Musaddiq ya yi kan robar.

"Baba, ƙafarka lafiyarta ƙalau. Jabu na ba ka, kuma ina sane. Ni na karya matar nan. Ka yafe ni, a mayar da naka yau, in gyara motar, ka koma bakin aikinka."

Tsohon ya dube shi, ya yi murmushi, har da 'yar ƙwalla.

"Kai dai ɗan Alhaji ne. Shi ma haka yake, in na yi ɓarna sai ya ce shi ne. Abu sabo a kwalinsa, da idona na gani, shi za ka ɗora wa laifi don ka rufa min asiri?"

"Wallahi Baba, a kira Musaddiq ya faɗa maka!"

"Bakanikenka ai abin da ka ce shi zai ce. Daina rantsuwa saboda ni." Ya tura masa mastan da bayan hannu. "Mayar wa motar Alhaji kayanta. Ni da sitiyari mun yi sallama, ba zan sake ɗaukar 'ya'yan mutane da wannan ƙafar ba."

Baba Hussaini ya nuna motar da ke ƙofar gida da haɓa.

"Ka aiko a ja ta, duk abin da ya yi maka ka cire. Sai dai sabon nan da ka kawo min, a ciro min shi in ajiye. Kyautarka ce."