Yaron da Ya Faɗa Teku

Ikrima ya sake duba wayarsa. Sha ɗaya ta gota, motar da ta taso daga Rogo har yanzu ko Karaye ba ta kai ba, direba sai tsaye-tsaye yake yana loda buhunan gyaɗa. Ƙarfe huɗu malaminsu a Kano zai rufe karɓar aikin kammala karatu. Wanda ya makara sai baɗi.

Allon zanen na tsaye a kan cinyarsa, ya juyo fuskar zanen wajen ƙirji, yana kaffa-kaffa kada riga ta goga. Fentin mai ne, bai gama bushewa ba. Wata biyu ya kwashe yana kwaikwayon wani zanen Turai mai shekara ɗari huɗu: duhu a gefe, haske a tsakiya, saurayi na rikitowa daga sama.

Mota ta faɗa rami, allon ya karkace. Dattijon da ke gefensa, wanda direba ke kira Malam Ilu, ya leƙo.

"Samari, shi wannan me ya same shi?"

"Tatsuniyar Girkawa ce, Baba. An tsare su a tsibiri shi da ubansa, sai uban ya haɗa musu fukafukai da gashin tsuntsu da kakin zuma don su tsere. Yaron ya yi sama da yawa, rana ta narkar da kakin, ya faɗa teku."

"Uban ne ya haɗa masa?"

"Shi ne. Ga shi can yana waiwaye."

"Juyo min shi sosai."

Ikrima ya juya, ba don yana so ba. Dattijon ya daɗe yana kallo.

"Ni gonata ta Falgore na sayar," in ji shi. "Ɗana Sulle ya ce Turai zai haye, na ce Allah ya kai. Daga bakin ruwa ya kira ni, wai gobe za su shiga jirgi. Damina uku ke nan, ba labarinsa."

Malam Ilu ya ɗaga hannu. Kafin Ikrima ya buɗe baki, babban yatsan ya sauka a kan kuncin yaron da ke zanen, ya shafa. Fentin ya janyu.

"An samu gawar yaron?" in ji dattijon.

"An samu, Baba. Uban ya binne shi."

"To, ai shi uban ya huta."

A tashar Karaye dattijon ya sauka, ya yi musu sallama, bai ma lura da jan da ke yatsansa ba.

Ikrima ya tsuguna a inuwar rumfa, ya zaro buroshi daga jaka. Gyaran ba zai ci minti biyar ba. Ya dubi kuncin, zanen yatsan ya fito raɗau, layi-layi. Ya jujjuya buroshin a hannu, sannan ya mayar da shi jaka, ya ɗauki allon ya nufi motar Kano.