Zoɓon da Ya Koma Kore

A shekarar da sojoji suka koma bariki, Juliana tana sayar da zoɓo a bakin ƙofar wata masaƙa a Kakuri. 'Yarta ɗaya, Hadassah, tana aji uku a ƙaramar sakandare, yarinya ce mai tambayar tsiya. Tun tana goye hannunta bai san zaman lafiya ba.

Wata Asabar da la'asar Juliana ta dawo gida ta tarar da kofunanta a jere a tsakar gida, kowanne da zoɓo, amma babu biyu masu kala ɗaya. Wani ja jawur, wani ya dushe, wani kuwa kore shar kamar miyar kuka. Hadassah na tsugune a gabansu, ga kanwa, ga lemon tsami, ga toka a murfin gwangwani. Juliana ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai yarinyar ta riga ta.

"Mama, me ya sa kanwa ke mai da shi kore?"

Juliana ta yi shekara da shekaru tana dafa zoɓo, ba ta taɓa tambayar kanta haka ba. Ta ce ba ta sani ba, ta je ta tambayi waɗanda ake biya don su sani, kuma ta wanke mata kofuna.

Kwana kaɗan sai ga Malama Rukayya, mai koya wa su Hadassah kimiyya, ta yi sallama a gidan. Juliana ta ɗauka ƙara aka kawo. Ashe roƙo ne. Malamar ta ce akwai wata takarda da ake tsomawa a ruwa ta canza kala, a gane mai tsami ne ko irin na kanwa. Makarantarsu ta daɗe ba ta da ita, sai dai ita Malamar ta zana a allo yara su haddace. Zoɓon nan zai yi wannan aikin, idan Maman Hadassah za ta dafa musu mai kauri, ba sukari ba citta.

Juliana ta yi dariya har da riƙe ciki, amma ta dafa.

'Yan matan ajin suka yanka farar takarda siri-siri, suka tsoma a zoɓon, suka shanya. Na farko rana ta cinye kalarsu, Hadassah ta dawo gida da jajayen idanu. Malama Rukayya ba ta faɗa musu laifin ba, ta ce su nemo da kansu. Suka gwada inuwa, ya yi.

Da labari ya kai wata makaranta a Romi, suka aiko a sam musu takardun. Hadassah ce ta ce a zuba a kwalin ashana a sayar, abin da aka samu a sayi kayan gwaji. Ta zo ta zauna gaban uwarta tana neman ragi a kan ganyen zoɓon da za su saya a wurinta, fuska a ɗaure kamar tsohuwar 'yar kasuwa. Juliana ta ƙi, ta ƙi, sannan ta yarda, tana kau da kai don kada a ga murmushinta.

Ana gobe za su nuna aikinsu a taron makarantu, Juliana ta fito da farar riga mai maɓalli da ta ba tela ya ɗinka a ɓoye. Ta ga irinta a jikin masu aikin gwajin jini a asibiti. Hadassah ta saka, hannun rigar ya rufe mata yatsu.

"Mama, ta yi mini yawa."

"Da gangan na ce ya ƙara," in ji Juliana, tana naɗe mata hannun. "Ai ba gobe kaɗai za ki sa ta ba. Tsaya da kyau mana."