Maliki Biyu a Tashar Kawo

Ni nake kiran layin lodi a tasharmu ta Kawo. Ɗana Sharhabil ya nace sai ya zuba direbobi a kwamfuta, cikin wani abu wai shi dikshonari, kowane suna haɗe da lambar motarsa. Suna shi ne makulli, wato da shi ake nemo kowace mota, in ji shi.

Ran Litinin na ce ya ciro mini makullan nan in kira layi. Ya ciro, na kira. Har azahar tsoho Maliki na jingine da motarsa, fasinjojin Zariya suna wuce shi.

"Shugaba, laifin me na yi?" in ji Maliki.

Na juya kan ɗana. "Kai, ina sunansa?"

"Baba, ai ka kira Maliki da safe."

"Wancan Maliki ƙarami ne!"

Ya sosa ƙeya. Wai dikshonari ba ya riƙe makulli iri ɗaya sau biyu, na baya ke danne na farko.

Na ce, "Wato injin naka bai san ana takwara ba?"

Ya mayar da lambar mota makulli, amma fasinjojin safe sun riga sun watse. Maliki ya ja motarsa rabi babu kowa, ko sallama bai yi mini ba.