Hannun Inna Daga Bayan Labule

Duk shekarun da na yi ina koyon gashin ƙashi, na murza kafaɗun mutanen da ban san adadinsu ba, har da wani alhaji da ya rinƙa zagina ina miƙe masa gwiwa. Amma uwar da ta haife ni, ko yatsanta ban taɓa riƙewa ba. Ni ne ɗan fari, Inna kuwa Bafulatanar Gafasa ce ta asali. Ba ta faɗin sunana, ba ta haɗa ido da ni. In na shigo gida sai ta ce wa ƙanwata Zulfa, "Ba wa wancan ruwa."

Ina tsaka da neman gurbin digiri na biyu hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu. Aka kai ta asibiti a Gaya, aka dawo da ita ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ni kuwa fannin da na nema ke nan, farfaɗo da masu shanyewar jiki. Na san abin da ke biyo baya: in ba a motsa hannun kullum ba, sai ya ƙage, yatsun su dunƙule, daga nan sai dai haƙuri. Wannan sanin ne ya hana ni sukuni.

Ranar da na durƙusa zan kama hannun, sai ta juyar da kai ta fara kuka. Kawu Datti, yayanta, ya jawo ni waje.

"Kai Abdulsalam, boko ya cinye maka kunya ne? So kake baƙin ciki ya ƙarasa ta?"

"Kawu, hannun zai mutu fa."

"To koya wa 'yar'uwarka. Ai ba kai kaɗai ke da hannu ba."

Haka aka yi. Na koya wa Zulfa a jikina, yadda za ta tallafi gwiwar hannu, ta ɗaga kafaɗa a hankali, ta buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Kullum da hantsi sai na tsaya a bayan labule ina ba da umarni kamar kwandasta, ita tana ciki.

"Ya ɗagu?"

"Ya ɗagu, Yaya."

"Yatsun fa?"

"Suna buɗewa, har ma tana damƙe ni."

Daɗi ya kama ni. Da aka kira ni intabiyu, wata farfesa mai tabarau ta tambaye ni me ya sa na zaɓi fannin. Na kwashe labarin Inna na ba su, har da bugun ƙirji, wai ina warkar da mara lafiya ba tare da na taɓa shi ba. Suka yi dariya, suka ba ni gurbi. Jami'ar tana da nisa, in na tafi sai hutu.

Ranar tafiya na haɗa kaya, Gwadabe mai babur yana jirana a ƙofar gida zai kai ni tasha. Na tsaya bayan labule zan yi sallama, sai na ji Zulfa tana aikin motsa hannun na safe. Inna shiru, ko nishi babu. Hannun da ya shanye ana ɗaga shi ba a jin ko "wash"? Me ya hana ni tunanin nan tun farko?

Na ɗaga labulen.

Zulfa tana zaune a gefen hagu, tana lanƙwasa lafiyayyen hannun da kyau, yadda na koya mata. Na daman yana ƙarƙashin mayafi.

"Zulfa, wanne kike yi?"

Ta fashe da kuka. "Yaya, in na taɓa wancan ihu take yi. Ta ce in na sake ba ta yafe ba. Ya zan yi da Inna?"

Na yaye mayafin. Hannun ya naɗe a ƙirjinta kamar fiffiken kaza, yatsun sun dunƙule, farce ya huda tafin hannun har ya fara ruwa. Na sha ganin irinsa a asibiti, na kuma san kaɗan ne ke dawowa. Na durƙusa a gaban gadon.

Gwadabe ya danna hon a waje.

"Inna, ki gafarce ni," na ce, na kama hannun.

Ta jawo mayafi da hannun hagu ta rufe fuskarta. Na ja ɗan yatsan farko a hankali, ya ƙi. Na ƙara ƙarfi, ta saki ƙara. Amma ba ta janye hannun ba. Na ci gaba da ja ina hawaye, ban sani ba ko yarda ta yi, ko kuwa janyewar ce ba za ta iya ba.