Layin Masu Cirewa

Tun ranar da wata gidauniya ta amince wa Auta da tallafin bincike, teburin cin abincin gidan ya koma ofis. Kwamfuta biyu, caja, tarin takardu. Mama ta yi faɗa sau biyu, ta ga ba mai ji, ta koma miƙa wa kowa kwanonsa a kan kujera.

Aikin Auta a kan bulokcen yake, wato tsarin kuɗin intanet ɗin nan da dubban kwamfutoci ke riƙe da littafinsa tare. Shekara biyu ke nan mutane na jingine kuɗinsu a ciki don tsaron tsarin, ana ba su ɗan lada, amma ba halin cirewa. Yanzu injiniyoyi sun sa ranar sabunta shi, a buɗe ƙofa. Abin da aka ɗora wa Auta shi ne ta gano tsawon layin masu cirewa in ranar ta zo.

Duk yadda ta juya lissafin, layin wata biyu yake ba ta. Har ta fara ramewa.

Baba, wanda ya shekara talatin yana koyar da lissafi kafin ritaya, ya daɗe yana leƙenta ta saman tabarau. Wata safiya ya ja kujera, ya ce ta yi masa bayani kamar ɗan aji ɗaya. Ya bi aikin da biro, layi-layi, bai sami kuskure ba, abin da ya ɗan sosa masa rai. Can sai ya tambaye ta wa ya ce mata kowa zai fita.

"Baba, shekara biyu fa suna kulle."

"Na taɓa kulle aji saboda surutu," in ji shi. "Suka yi cincirindo a bakin ƙofa kamar za su ɓalle ta. Da na buɗe, mutum biyar suka fita, sauran suka koma kujerunsu suka ci gaba da hira. Ba fitar ce damuwarsu ba, so suke su san a buɗe take."

Auta ta yi dariya, ta ce ai kuɗi ba ɗalibai ba ne. Amma yana tashi ta ƙara hasashe na biyu, na mutanen da za su ga ƙofa a buɗe su yi zamansu, ta sa har da labarin ajin Baba a cikin rahoton. Shugabar binciken ta ce a miƙa duka biyun.

Ranar sabuntawa, da rana tsaka, su uku suka zuba wa kwamfuta ido. Lokaci ya cika, lambobi suka ci gaba da tafiya abinsu, ba abin da ya tsaya. Mama, da ke jiran ƙara ko walƙiya, ta ce in dai wannan ne, da ba ta kashe murhu ba.

Kwanakin farko layi ya yi tsawo, Auta ta riƙa tsokanar Baba. Kafin sati biyu layin ya narke, masu sabuwar ajiya har sun fi masu cirewa yawa.

Gidauniyar ta nemi ganawa ta bidiyo a kan tallafi na biyu, ta ce a zo da mai labarin ajin nan. Baba ya fito da rigarsa mafi kyau, ya duƙufa goge takalmi. Auta ta gaya masa daga ƙirji zuwa sama kawai ake gani. Ya ce ya ji, ya ɗauki ɗaya ƙafar ya ci gaba da gogewa.