Hatsin da Ya Zo wa Malalaci

…kuma wai har waƙa yake yi. Iliyasu, a bisa amalanke, dammunan hatsi a bayansa, yana waƙa! Ya kama bakinsa. Kunya ba ta ishe ka ba?

Rumbunsa ya cika, har ya ɗinka wani. Shi fa, da duk Korgom ta san inda ake samunsa: gindin itacen bedi, wajen masu shayi.

Yaya Hamza kuwa… tun rani yake gona. Ya share, ya kwashe kara, ya ƙone, ya yi binne, iri cikin busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa. Yayyafi ya zo, hatsi ya tsiro, rana ta gasa shi. Ya sake shuka. Ta sake gasawa.

Shi Iliyasu ko karan bara bai kwashe ba. Lalaci ne, ba dabara ba, wallahi. Shanun Fulani suka bi karan, suka kwana, suka bar taki. Da ya ga dama ya fito shuka, sai damina ta zauna. Kuma irin… wayyo, irin. Nasa ya cinye tun azumi. Yaya ne ya juye masa ragowar nashi a ƙwarya, tafin hannun nan duk kanta. "Je ka shuka, kar a yi mana dariya."

To daɗin nan na wa ne? Don daɗi yake ji, ba zai yi ƙarya ba. Hindatu matarsa tana daka tana guɗa, yara sun yi kumatu, shi ma yana barci har da minshari. In Allah ne ya ba shi, me ya sa furar take tsaya masa a wuya? Sai an yi gumi ake halatta murna? Wanda ya yi gumin fa, ina tasa?

Jiya a masallaci Yaya ya riƙe hannunsa. "Barka, ƙanena." Har cikin ransa ya faɗa. Da ma zagi ne, da ya fi sauƙi.

Jaki ya tsaya da kansa, ya san ƙofar gidan Yaya. Daga ciki ana daka, turmin yana ƙara irin ta wanda babu kome a cikinsa sai dusa.

Me zai ce masa? Ga irinka na maido? Ga sadaka? A'a… so yake Yaya ya karɓa don shi ya samu ya ci gaba da waƙarsa. Ashe ko dammunan nan ma don kansa ya ɗauro.

Sallamar tana bakinsa. Ta ƙi fita.