Ƙahon Rahaji a Ƙofar Farfesa

Wata takwas malaman wata jami'a suka yi suna shan lemo da sunan haɗin gwiwa. Injiniyoyi uku ne da masanin kwamfuta, sai Dakta Zipora ta sashen kiwon dabbobi, wadda aka saka don takardar ta yi kyau. Aikin da za su koya wa ɗalibai shi ne ƙera ƙofar ƙarfe a bakin iyakar Jibiya, shanun da ke shigowa daga Nijar su bi ta ciki ɗaya bayan ɗaya, ta fesa musu maganin kaska.

Zipora 'yar Farfaru ce, cikin shanu ta girma. Tun zaman farko ta ce faɗin ƙofar bai isa ba, don shanun yankin irin rahaji ne, jajayen nan masu ƙaho kamar hannayen mutum a buɗe. Farfesa Ummaru, shugaban aikin, wanda bai taɓa ganin saniya kusa ba sai a faranti, ya ce awon daga littafin Turai aka ɗauko, kwamfuta kuma ta tabbatar. Shanun littafin ba su da ƙaho. Sauran suka yi kunnen uwar shegu. Ta raina su ƙwarai, amma tana jiran ƙarin girma, Farfesa kuwa yana cikin masu zama a kai. Ta sa hannu a kan zanen ƙofar.

Ranar gwaji makiyaya duk suka ƙi ba da dabbobinsu. Ita aka tura wurin Ardo Manu na Daddara, aminin mahaifinta, mutumin da ya ba ta karsana ranar aurenta. Saboda ita kawai ya koro garkensa.

Ɗalibai sun jeru da hulunan kwano, malamai suna gyara babbar riga gaban mai hoto. Aka tura uwar garke, jar saniya mai ciki. Ƙahonta ya maƙale tun a bakin ƙofa. Na'urar kuwa, da yake an koya mata aikinta, ta tsinke da feshi a fuskarta. Saniyar ta firgita ta fizge, ƙahon dama ya ɓalle daga tushe, jini ya wanke mata ido.

Farfesa ya ja da baya kada rigarsa ta ɓaci. Ya shaida wa ɗalibai cewa injin ya yi aiki daidai, matsalar daga dabbar take, sannan ya ce Zipora ta tambayi tsohon ko zai yarda a rage wa sauran ƙaho.

Ardo bai ko dubi Farfesa ba. Ya toshe raunin da gefen rawaninsa, ya juyo wurin Zipora.

"Ɗiyata, waɗanga ba su san shanu ba, ban riƙe su da laifi ba. Ke kin ga ƙofar nan kamin ki kira ni?"

"Na gani, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya kira yaransa su juya garken, ya ce ta gaida mahaifinta in ta je gida, don shi ba zai biyo ta Farfaru ba bana.